Maigidana Ya Biya Mana Kuɗin Kurme A Zanzibar, Ni Kuwa Ko Kududdufi Ba Na Iya Kallo

Assalamu alaikum Anti. Ya gida, ya aiki? Ni malamar makaranta ce a cikin garin Bauchi, shekarata 29, shekararmu shida da aure, 'yarmu ɗaya. Bara na yi ɓari har sau biyu. Na biyun ya wahalar da ni ƙwarai, kuma tun daga nan ban koma daidai ba, ga rashin barci ga yawan kuka. Maigidana, Allah ya saka masa da alheri, ashe kuɗi yake tarawa ban sani ba. Kwanan nan ya ce zai kai ni tsibirin Zanzibar a watan Janairu mu yi kwana bakwai in huta. Har ya ba da kafin alƙalami na otal, da na wani shiri da za a goya mana tukunyar iska mu yi kurme a ƙarƙashin teku mu ga kifaye. Kullum da daddare sai ya nuna min bidiyon a waya yana ta murna.

Anti, ban iya iyo ba. Akwai kuma abin da bai sani ba. Ina 'yar shekara 11 ƙanena ya nutse a kududdufin bayan gidanmu da damina, kuma ni aka bar wa shi. Maigidana ya san a ruwa ya rasu, amma bai san a gabana abin ya faru ba. Sannan ina da asma, in hunturu ya kama sai da abin shaƙa. Ga shi muna neman haihuwa. Surukata kuma ta ce da Umra muka tafi da kuɗin ya fi. Ban ma san abin da mace irina za ta sa a bakin teku ba. Ina jin nauyin in ce masa ba zan iya ba bayan duk wahalar da ya yi. In daure in shiga, ko in ƙirƙiro uzuri a fasa tafiyar?

Ƙanwarki daga Yelwa, Bauchi

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan ƙanenki, ya sa mai ceto ne. Cikin da kika rasa kuma Allah ya mayar miki da mafi alheri, ya raya wadda ke hannu.

Hanya biyu kika kawo min, ban yarda da ko ɗaya ba. Kada ki daure ki shiga, kada kuma ki yi ƙarya a fasa. Ki tafi Zanzibar, amma tukunyar nan ba za ta hau bayanki a wannan tafiyar ba. Zan gaya miki dalili filla-filla, domin in kin san abin da ruwa ke yi wa jikin mutum, ba za ki ƙara jin nauyin faɗa wa mijinki ba.

Mutane da yawa na zaton iskar asibiti ake ɗura wa tukunyar. A'a, iskar nan ce da muke shaƙa, aka matse ta aka tace, aka cire mata danshi. Tana fitowa a bushe, da ɗan sanyi. Ki tuna abin da ke tayar miki da asma: busasshiyar iska mai sanyi ta hunturu. To kusan irinta za ki riƙa ja ta baki, kina motsa jiki, zuciyarki na bugawa. Wannan ɗaya ke nan.

Na biyu shi ne nauyin ruwa. In mutum ya nutsa mita 10, matsin da ke kansa ya ninka na doron ƙasa sau biyu. Iskar da ya shaƙa a can ƙasa matsattsiya ce, yana tasowa tana kumbura, in ya iso sama daga mita 10 ta ninka girmanta. Ga mai lafiyar huhu da ke numfashi a natse ba wata matsala, iskar na fita da kanta. Shi ya sa dokar farko da ake koya wa kowane mai kurme ita ce kada ya kuskura ya riƙe numfashi. To mai asma fa, wadda hanyoyin iskar ƙirjinta kan tsuke ba sallama? Iska ta shiga, ƙofa ta ƙuntata, ga ta tana kumbura. Tana iya fasa huhu, ƙwayar iska ta shiga jini ta tafi ƙwaƙwalwa. Ba sai an yi zurfi sosai ba, tasowar da ba ta kai mita biyu ba da numfashi a riƙe ta isa ta yi ɓarna. A ƙarƙashin ruwa kuwa ba wurin ciro abin shaƙa daga jaka.

Ba na ce duk mai asma an hana shi kurme har abada ba. Akwai waɗanda tasu ta kwanta, likita ya auna ƙarfin huhunsu kafin motsa jiki da bayansa, ya sa musu hannu. Amma wadda ke neman abin shaƙa duk hunturu, kuma za ta tashi daga Bauchi a tsakiyar Janairu da ƙurar hunturu a ƙirjinta, ba ita ba ce.

Yanzu ki haɗa wannan da tsoro. Mutumin da ya firgita a ƙarƙashin ruwa abu biyu yake yi ba tare da ya yi shawara da kansa ba: ya riƙe numfashi, ya zabura sama. Su ne ainihin abubuwa biyun da aka hana. Dauriyar da muka sani, ta naƙuda da ta zaman gida, ba ta aiki a nan. Jiki ne ke ƙwace ragama. Ke da kika ga abin da kika gani kina 'yar shekara 11, ba ki san abin da zai taso miki ba a daƙiƙar da ruwa ya rufe kanki, kuma tsakiyar teku ba wurin gwaji ba ne.

Dalili na uku shi kaɗai ma ya isa. Kin ce kuna neman haihuwa. Mace mai ciki ba ta kurme da tukunya, ko cikin na sati biyu ne. Iskar naitirojin da ke narkewa cikin jini a ƙasan ruwa tana iya yin ƙwayoyi lokacin tasowa. Huhun uwa na tace nata, ɗan tayi kuwa ba ya amfani da huhunsa tukuna, ba shi da wannan matatar. Takardar lafiya da wuraren kurme na ƙwarai ke ba mutum ya cike kafin a taɓa shi ta faɗa ƙarara cewa mai ciki, ko wadda ke neman ɗaukar ciki, kada ta shiga. Takardar nan tana tambayar asma, tana tambayar yawan firgita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In kin yi shiru a Bauchi, a can za a miƙo miki biro a gaban mijinki, ko dai ki faɗi gaskiya a lokacin da ta fi ciwo, ko ki yi ƙarya a kan ranki. Wurin da kuma bai damu ya ba ku takardar ba, ku juya ku bar shi, ko kyauta ya ce zai kai ku.

Kin ga ke nan maganar kurme ta mutu tun kafin a zo ga labarin ƙanenki. Kina iya tsayawa a kan asma da neman haihuwa, mijinki ya fahimta, a wuce wurin. Amma ni ba zan so ki tsaya nan ba.

Shekara 18 kina ɗauke da abin nan ke kaɗai. Kalmar da ta tsaya min a wasiƙarki ita ce "ni aka bar wa shi". Ƙanwata, yarinya 'yar shekara 11 ita ma abar tsaro ce. Yaro ba ya ihu in yana nutsewa, ba ya ɗaga hannu yana kira kamar yadda ake zato, bakinsa na nutsewa yana tasowa, ba shi da iskar yin magana, cikin ɗan lokaci kaɗan an gama. Manya masu hankali na tsaye a gaɓa abin ke faruwa ba su ankara ba. Da kin faɗa ruwan don ki ciro shi, ba ki iya iyo ba, da gawa biyu aka fitar ranar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kuma yara na cikin waɗanda abin ya fi ci. A garuruwanmu kowa ya san ramukan da aka haƙa don ginin ƙasa ko aikin titi aka bar su a buɗe, damina ta cika su. Wanda ya haƙa ramin ya tafi bai cike ba ya fi ki alhaki nesa ba kusa ba. Kwanansa ne ya ƙare, Allah ya karɓi abinsa.

Ki gaya wa mijinki. Namijin da ya lura matarsa ba ta barci, ya yi shiru yana tara kuɗi wata da watanni don ya ga ta yi dariya, ya cancanci ya san wannan. Kurmen nan ba shi ne burinsa ba, shi dai ya ga abu mai kyau a waya ya ce bari in kai ta ta gani. Kada ki tare shi lokacin da yake nuna miki bidiyo, zai ji kamar kin watsa masa ruwan sanyi. Ki bari yarinya ta yi barci, ya ci abinci ya natsu. Ki fara da godiya, ki ce kina son tafiyar, ki nanata wannan don ya shiga kunnensa. Sannan ki ce, "Baban wance, akwai abin da ban taɓa gaya maka ba game da rasuwar ƙanena." In kuka ya zo ki bar shi ya zo. In baki ya kasa, ki miƙa masa wannan shafin ya karanta da kansa.

Uzurin ƙarya kuwa ki rabu da shi. Zai yi asarar kuɗinsa, ya zauna yana tunanin ko kyautarsa ce ba ki so, ke kuma ki ci gaba da kwana da abinki.

Wata magana kafin in kai ki bakin teku. Rashin barci da yawan kuka da suka kai shekara bayan ɓari ba gajiya ba ce kawai. Yana iya zama ciwon damuwa, kuma yana da magani. Kwana bakwai a tsibiri zai sanyaya miki rai, amma in kin dawo abin na nan yana jiranki a ƙofar ɗaki. Ki je asibitin koyarwa na nan Bauchi ko wurin likitan da ya san ki, tafiya ɗaya ki jefi tsuntsu uku: a duba ƙirjinki a sabunta miki magani, likitan mata ya bincika dalilin ɓarin nan biyu ya kuma ce ko tafiyar ta dace in ciki ya shiga kafin Janairu, sannan ki faɗi maganar barci da kuka yadda kika faɗa min. Kada ki rage komai don kunya.

To me za ki yi a Zanzibar in ba kurme? Abin da ya rage ya fi abin da aka cire yawa. Na je, kuma na je ne a matsayin macen da ta girma tana tsoron ruwa.

Zanzibar yanki ne na Tanzaniya, manyan tsibiransa biyu, Unguja da Pemba, kuma mafi yawan mutanen wurin Musulmi ne. Za ki ji kiran salla, za ki ga mata da lulluɓi da yara masu zuwa makarantar allo, abinci kuma ba ya ba mutum fargaba. Tsohon garinsu na gine-ginen dutse, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000, lunguna ne ƙanana da ƙofofin katako masu sassaƙa. Da yamma a dandalin Forodhani ana gasa kifi da sauran kayan teku, ana matse rake da citta da lemun tsami. Akwai gonakin kayan ƙamshi inda za ki ga kanumfari a bishiyarsa, a ɓare miki ɓawon kirfa a miƙo miki ki shinshina. Ni da na yi shekaru ina jefa kanumfari a kunu da shayi, ranar na fara ganin ashe ƙunshin fure ne da ake tsinkewa kafin ya buɗe, a shanya shi a tabarma har ya yi baƙi.

Janairu lokaci ne mai kyau, akwai zafi amma ruwan sama ba yawa. Babbar daminarsu daga Maris ce zuwa Mayu. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, teku na janyewa ya yi nisa sau biyu a kwana, ya bar farin yashi da 'yan tafkuna iya idon sawu. A nan matan ƙauye ke noman ciyawar teku, suna zaune cikin ruwa da zannuwansu suna ɗaure ta a igiya. Ga mai tsoron ruwa babu wurin farawa kamar wannan: ki taka, ruwa na shafar ƙafarki, ƙasa na ƙarƙashinki. Abu biyu za ki kiyaye. Ki sa takalmin roba saboda akwai wata halitta mai ƙaya kamar bushiya da ke ɓuya cikin duwatsu, ƙayarta na karyewa a cikin tafin ƙafa. Kuma ki tambayi ma'aikatan otal ƙarfe nawa ruwa zai dawo, domin in ya juyo yana cika da sauri. A arewa, wajen Nungwi da Kendwa, ruwan ba ya janyewa da nisa haka, ya fi wa masu iyo daɗi.

Kifayen da mijinki ke son ki gani ma ba sai an nutse ba. Akwai ƙananan kwale-kwale masu gindin da ake gani ta cikinsa, kina zaune kina kallon ƙasa. Akwai kuma leƙen ruwa daga sama: a sa miki rigar ceto, da tabarau mai rufe ido da hanci, da ɗan bututu a baki wanda kansa ke waje, ki kwanta a kan ruwa kina shaƙar iskar Allah ta yau da kullum. Babu tukunya, babu matsi, in kin gaji ki ɗaga kai. Haka na yi a kusa da tsibirin Mnemba, ina riƙe da taya mai iyo, jagora na jan igiyarta. Minti na farko numfashina kawai nake ji, kamar ana zuga wuta a maƙera. Da na natsu na buɗe ido sosai, sai ga wasu kifaye masu ratsin baƙi da rawaya sun zo dab da tabarauna, wani shuɗi ɗan ƙarami na shiga yana fita a cikin dutsen murjani. Murjanin nan da Suratur Rahman ta ambata tare da lu'ulu'u, wanda kakanninmu ke ɗaurawa a wuya, ga danginsa a raye a gabana. Na yi tasbihi da bututu a baki.

Amma ko wannan ba dole ba ne, kuma ba na so ki fara shi a can. In likita ya yarda, kuma ranki ya so, ki fara a gida. Ke da Allah ya ajiye a Bauchi, Wikki na hannunki. Ruwan ɗumin nan na Yankari zafinsa digiri 31 ne rani da damina, garai-garai har kina ganin yashin ƙasa da yatsun ƙafarki. A nan na koyi kwanciya a kan ruwa ina da shekara 43. Da sassafe muka sauka, kafin 'yan yawon buɗe ido su tashi, tururi na tashi daga ruwan saboda sanyin hunturu. 'Yata ta sa tafin hannunta a tsakiyar bayana ta ce, "Mama, ki sa kunnuwanki cikin ruwa ki kalli ganyen bishiya." Kwana biyu ina ƙanƙame mata wuya. Rana ta uku ina kallon ganye sai na ga hannayenta biyu a sama, ashe ta daɗe da sakina. Abin da na gane ranar shi ne jikin da ya saki, ƙirji cike da iska, ruwa ɗaukarsa yake yi. Ruwan teku ma ya fi ɗaukar mutum saboda gishirinsa.

In za ki gwada, ki tsaya inda ruwa bai wuce ƙugu ba, can wajen dutsen da ruwan ke ɓulɓulowa zurfin ya kusa mita biyu. Ki tafi da mace wadda ta iya iyo da gaske, da abin shaƙarki a gaɓa, a cikin jaka rufaffiya domin biran wurin ba sa barin kaya. In Yankari ta yi nisa, ki tambayi otal-otal masu wurin iyo a cikin gari ko za su ware miki awa ɗaya da safe. Kada a ce miki a je dam ko rafi a koya, ga zurfi da laka, ga tsargiya. Ranar farko in ƙafa kawai kika iya tsomawa, ya isa, ki koma gida. In kuma kika ji zuciyarki ta ƙi sam, ki bar shi. Ba wanda ya ce sai kin shiga ruwa hutunki zai karɓu.

Maganar sutura mai sauƙi ce. A cikin gari da ƙauyukan Zanzibar shigarki ta gida ita ce daidai, su ma sun fi son baƙi su rufe jiki. Na shiga ruwa kuwa akwai rigar iyo ta Musulma da ake kira burkini: wando har idon sawu, riga mai dogon hannu da ta sauko cinya, da hular da ke rufe gashi da wuya. Wata Musulma 'yar Ostareliya mai asalin Labanan, Aheda Zanetti, ta fito da ita a 2004. A Nungwi akwai wata ƙungiya mai suna Panje da ke koya wa mata da 'yan matan garin iyo cikin irin wannan shigar, don su ma da yawansu a bakin teku aka haife su amma ba su iya ba. Ki sayi rigar tun daga gida ta intanet, ki gwada ta. Abin da nake roƙonki shi ne kada ki shiga ruwa da dogon hijabi ko abaya ko zani. Yadin na shan ruwa ya yi nauyi, ya naɗe ƙafa, ya rufe fuska. Ki ajiye hijabinki a gaɓa ki zura in kin fito.

Ba zan ɓoye miki ba, a bakin tekun manyan otal-otal za ki ga Turawa kusan tsirara, kuma ana sayar da giya. In wannan zai dame ku, maigida ya tambayi otal ɗin tun yanzu, akwai masaukan da ba sa ajiye giya. Wurin tausa da gyaran jiki ma ki ce mace kike so, a rufaffen ɗaki. In akwai yiwuwar ciki ki gaya musu, ki kuma guji ɗakin surace mai tsananin zafi. Kada wani ya sayar miki da wani haɗin sha da sunan wankin ciki ko gyaran mahaifa. Hutun da jikinki ke nema barci ne da abinci da tafiya a yashi da asuba, da kwana bakwai ba girki ba alli.

Duk jirgin ruwan da za ku hau, ki ƙirga rigunan ceto da idonki kafin ki taka. Ni an taɓa kawo mana wani, mu goma sha biyu, riguna biyar, mai jirgin na cewa ba komai ruwa a kwance yake. Na ce a mayar min da kuɗina, ya ƙi, na bar masa na koma gaɓa. Ki sa rigar ki ɗaure ta tun jirgi bai tashi ba, ki zauna a tsakiya, ki riƙa kallon nesa in kin ji jiri.

Shi kuma maigida, in yana son kurmensa ya yi, ki tsaya a gaɓa ko a jirgi ki tarbe shi. Amma ki isar masa da wannan. Shirin gwaji na 'yan koyo ba ya wuce zurfin mita 12, kuma malami na tare da mutum daga farko har ƙarshe, bayan an fara koya masa a ruwa marar zurfi. Ya nemi ganin shaidar malamin daga ƙungiyar da aka sani, irin PADI ko SSI. Shi ma zai cike takardar lafiya: hawan jini, ciwon zuciya, ciwon suga, farfaɗiya, duk sai likita ya gani. Mai sikila ba ya kurme, wanda yake AS kuma ya yi magana da likita tukuna. In ya tafi da murar hunturu hanci a toshe, ya jira ta sake shi, domin ba zai iya daidaita matsin kunnensa ba, dodon kunne na iya fashewa. Sannan ba a fitowa daga kurme a hau jirgin sama. Ƙa'ida awa 12 ce bayan nutso ɗaya, awa 18 in an yi fiye da ɗaya, ni dai na fi son ya ba da kwana guda cur. Ya yi abinsa a rana ta biyu ko ta uku, ba jajibirin dawowa ba. Kuɗin da ya biya na naki kuma ba lallai ya salwanta ba, ya rubuta musu yanzu cewa kina da asma, ya nemi a mayar da shi na leƙen ruwa ko yawon kwale-kwale.

Ya kuma duba takardu da wuri. Mai fasfon Najeriya tun daga gida yake neman bizar Tanzaniya, kuma tana ɗaukar lokaci, kada ya bari sai Disamba. Ku tafi da katin rigakafin shawara. Tun daga 1 ga Oktoban 2024 hukumomin Zanzibar sun wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya tasu, dala 44 kowane babban mutum a lokacin, ya tambaya ko ta haɗa da haɗarin kurme. Abin shaƙarki guda biyu, ɗaya a jakar hannu, kada ki sa duka a akwatin da za a auna.

Surukarki ba ta faɗi abin ƙi ba, Umra alheri ce, kuma tsohuwa ba ta ga dalilin biyan kuɗi a je kallon ruwa ba. Amma amsar ba a bakinki take ba. Ɗanta ne zai zauna da ita ya ce, "Hajiya, yarinyar nan ba ta da lafiya tun ɓarin nan, hutu zan kai ta, garin Musulmi ne, Umra kuma tana raina in Allah ya hore." Ke naki ki je sallama da ladabi, ki roƙi addu'arta, ki bar mata jikarta in ta yarda, ki dawo mata da kanumfari da kirfa da zannuwan kanga guda biyu.

Akwai abu ɗaya da nake so ki yi tunaninsa bayan kun dawo, ba yanzu ba. 'Yarki na girma a garin da kududdufai ba su ƙare ba. Ana danganta wa Sayyidina Umar umarnin a koya wa yara iyo. In kin samu kin iya kwanciya a kan ruwa, ko ma ba ki iya ba, ki sa a koya mata tun tana ƙarama, a hannun mace mai haƙuri, kina zaune a gaɓa kina gani.

A wannan makon dai abu biyu ne a gabanki: maganar dare da mijinki, da katin asibiti. Ki rubuto min bayan kin yi su, ina so in ji abin da likita ya ce game da ƙirjinki, da abin da maigida ya ce da ya ji labarin ƙanenki.